Buhun Faya-fayan Da Muka Ceto Daga Bola

A makon jiya wani ɗan uwa ya yi tambaya a nan, cikin raha, wai me muke yi da tarin faya-fayan DVD a zamanin da kowane fim yake cikin waya. Tambayar ta dace, shi ya sa muka ce bari mu ba da amsa da labarin da ya faru da mu.

Mu uku ne, unguwa ɗaya muka tashi a cikin birnin Kano, kuma shagon hayar kaset ɗaya ya raine mu. Da kuɗin tara da na aike muke haɗa na haya, mu kai fim gida, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maƙwabta su shigo, ana cikin kallo a ɗauke wuta kowa ya yi salati. Mai shagon ya fara da kaset ɗin bidiyo, ya koma faifan CD, daga baya ya koma DVD. Da masu tura fim a memori suka cika kowane lungu, kasuwa ta mutu masa a hannu, ya mayar da shagon wurin cajin waya.

Bara muka biya mu gaishe shi, muka tarar ya ɗaure buhu biyu a bakin ƙofa yana jiran mai kwasar shara. Yaran unguwa har sun fara ɗiba, wasu suna liƙawa a bayan keke, wani kuma ya ce babansa zai rataya a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Muka roƙe shi ya sayar mana. Ya yi dariya ya ce, "Ku dai har yanzu ba ku girma ba. Ku kwashe, kun rage mini aiki." Da ƙyar ya karɓi kuɗin goro.

Mun yi sati uku muna tantancewa, kuma a nan muka koyi cewa ba kowane faifai ne abin ajiya ba. Kusan rabin buhun bola ce ta gaske. Sauran kuwa ga abin da ya ba su daraja a wurinmu.

Abu na farko shi ne asali. Faifan da kamfanin fim ya fitar da kansa, da kwalinsa, da sunan kamfani da adireshin dillalin da ke rarrabawa, ya bambanta da na 'yan satar fasaha. Masu jabu sukan cusa fim goma ko ashirin a faifai ɗaya, alhali DVD na yau da kullum gigabait 4.7 kawai yake ɗauka. Dole su matse hoto har fuskoki su dagule, sauti ya koma kamar ana magana a cikin randa. Akwai kuma bambancin yi. Faifan da aka buga a masana'anta bayansa fari ne kamar azurfa, kuma ya fi jure shekaru. Wanda aka ƙona a kwamfuta bayansa yakan yi shuɗi ko ruwan hoda mai duhu, domin rini ne ke riƙe da fim ɗin, zafi da hasken rana kuma suna cinye rinin a hankali. Ku da kuka san zafin Kano a watan Afrilu, ku ƙiyasta abin da shekara goma a ƙarƙashin rufin kwano za ta yi masa.

Na biyu shi ne cika. Faifan CD na bidiyo bai wuce ɗaukar minti 80 ba, kuma finafinanmu sun riƙa fitowa kashi-kashi, na 1 da na 2, sannan a jira na 3 da na 4. Samun fim guda da dukkan kashinsa, kowanne a kwalinsa, ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Sau da yawa na 2 yana gidan wanda ya karɓi haya tun shekara goma sha biyar bai dawo da shi ba. Idan kana cikinmu a wannan zaure, mun yafe, amma ka dawo da shi.

Na uku, kuma wanda ya fi ba mu mamaki, shi ne abin da ke zuwa kafin fim. Da can haushi muke ji idan aka cika mu da talla, muna ta danna gaba. Yanzu tallar ce muke tsayawa mu kalla. A ciki za ka ga tallar finafinan da ke tafe, za ka ji muryar mai shela, za ka ga jerin shagunan Ƙofar Wambai da Bata inda ake sayar da fim. Masu ɗora fim a YouTube sukan yanke wannan duka, su kuma manna tambarinsu a kan hoton. Tarihin kasuwar fim ɗin Hausa yana cikin waɗannan mintuna da muke tsallakewa.

Na huɗu shi ne mutanen da ke ciki. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003, Ahmad S. Nuhu a ranar 1 ga Janairu 2007, Hauwa Ali Dodo a farkon 2010, Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk faifan da ke ɗauke da ɗayansu mun ware shi gefe, domin ba za a ƙara yin wani ba. Haka finafinan da suka sauya alƙiblar sana'ar, irin su Sangaya na 1999 da Wasila na 2000, waɗanda a kaset suka fara fitowa kafin a juye su zuwa faifai. Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan kasuwa, har yau muna cigiyarsa a kowace siga.

To amma duk wannan lissafin masu tara kaya ne. Abin da ya sa muka zauna rubuta wannan shi ne wani faifai guda da ba ya cikin ko ɗaya daga manyan finafinai. Kwalinsa ya yage, jarumansa ma da yawa sun bar sana'ar. A unguwarmu aka ɗauki wani ɓangare nasa, muna yara, muna bin 'yan fim a baya ana korar mu. A wata fitowa da ba ta kai minti ɗaya ba, jarumin yana tsaye a bakin wani zaure yana jiran budurwarsa, sai wata tsohuwa ta fito da ƙwarya a ka, ta kalli kyamara, ta ja mayafi, ta wuce. Kakar ɗayanmu ce. Ta rasu shekaru da dama, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, domin ba ta yarda a ɗauke ta. Zauren ma an rushe shi lokacin da aka faɗaɗa titi.

Mun san fim ɗin yana intanet, mun kuma duba. Wanda ya ɗora ya datse wannan wurin, wataƙila don a ganinsa ba ya ƙara wa labari komai. A faifan nan ne kaɗai muka same ta. Muka kai gida muka kunna wa mahaifiyar abokin namu. Ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta ce a ƙara. A karo na huɗu ta ce, "Tafiyar Inna ke nan, ko daga nesa na san ta," ta tashi ta shiga ɗaki. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu.

Da mai shara ya riga mu zuwa da awa ɗaya, da wannan tafiyar ta tafi har abada. Kuma wa ya san kakannin mutane nawa, da zaurukan unguwanni nawa, da tsofaffin kasuwanni nawa ke cikin faya-fayan da ake zubarwa kullum? 'Yan fim sun fita ɗaukar soyayya da barkwanci, sai kyamara ta haɗa har da garuruwanmu yadda suke a lokacin, da ɗinkin da ake yayi, da motocin da ke kan titi, da irin Hausar da ake yi. Tsohuwar zuma, in ji masu iya magana, da ita ake magani.

Saboda haka ga roƙonmu. Wanda yake da faya-fayai a gida ya fitar da su daga inda rana ko danshi ke taɓa su. A jera su a tsaye cikin kwalinsu, kada a danne su da nauyi. A riƙe faifai ta gefe. Idan za a goge, a sa ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye, domin karcen da ya bi zagaye shi ne ke sa fim ya riƙa cijewa. Wanda yake da kwamfuta mai karanta faifai ya juye wa kansa kwafi tun kafin rinin ya mutu. Amma mu ji tsoron Allah kan haƙƙin masu shi, kada mu mayar da ajiya ta zama sabuwar satar fasaha, ita ce fa ta karya su tun farko. Idan furodusan yana raye, ko magadansa, a neme su a ba su kwafi, domin mai yiwuwa nasu ya ɓata.

Mun fara rubuta sunayen abin da muka samu a littafi, za mu ɗora jerin a ƙarƙashin wannan rubutu cikin makon nan. Kowa ya faɗi abin da ke hannunsa da abin da yake nema, ko Allah zai haɗa na 1 da na 2 da suka rabu. Shi kuma ɗan uwan da ya yi tambaya, muna fata ya samu amsa, kuma ya leƙa ƙarƙashin gadon gidansu kafin a yi sharar salla.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.