Ma'aunin Magani

Tun tana ƴar lakwal a Tibirin Gobir ta koyi yin dariya da hannu a baki. Haƙoranta sun fito da zane-zane ruwan ƙasa, kamar na tsohuwar da ta daɗe tana cin goro da fure, alhali ko goron ba ta taɓa ba. Nata ma da sauƙi. Yayanta, wanda ya girme ta da shekara huɗu, ƙafafunsa ne suka lanƙwashe kamar baka. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Daga baya aka gano ruwan famfo ne. Rijiyar da aka haƙa wa garin a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da sinadarin fulor wanda ya ninka har sau uku, ko fiye, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1,5 a kowace lita. Kafin a daina shan ruwan, wajen shekara ta 2000, ɗaruruwan yara sun nakasa.

Wannan tabo ne ya kai ta Dakar karatun likitancin haƙori. Da lokacin rubuta kundin bincike ya zo, ba ta yi dogon tunani ba. Kakarta tana saida aswaki a kasuwa, kuma tsohuwar ta haura shekara saba'in da haƙoranta cif. Ta ƙudurta za ta nuna wa duniya cewa icen gida ya fi man Turawa. Malamin da ke duba aikinta, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya saurare ta har ta dasa aya, sa'an nan ya ce: "Ɗiyata, abin da ke cikin icen nan, nawa ne ya isa, nawa ne kuma ya yi yawa?" Ta yi shiru. Ya miƙa mata littafin farmakoloji, ilimin aikin magunguna, wanda a shekarun farko ta haddace don jarrabawa ta manta, ya ce ta koma tushe.

Ta koma, ranta bai so ba. Ashe ilimin duka a kan tambayoyi biyu ya tsaya: me jiki ke yi da magani, me kuma magani ke yi wa jiki? Ta bi ƙwaya tun daga baki, ta ga yadda hanji ke tsotse ta, jini ya yaɗa ta, hanta ta sarrafa ta, ƙoda ta fitar da saura. Abubuwan da hannunta ya saba yi ba tare da ta san dalili ba suka fara bayyana. Allurar lidokayin, wadda aka haɗa a Suwidin a 1943, tana toshe ƙofofin da sodiyom ke bi ya shiga jijiya, sai saƙon zafi ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Ana gauraya ta da adirenalin don ya tsuke hanyoyin jini, maganin ya daɗe a wurin. In dasashi ya yi ruwa, tsamin da ke cikin kumburin yakan rage ƙarfin allurar. Sai ta tuna wani manomi da ta taɓa zargi da raki, kunya ta kama ta. Ta gane abin da ya sa asfirin da mutane ke dannawa a gindin haƙori yake ƙone dasashi, da abin da ya sa ake guje wa bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 8 tetarasikilin, domin yakan rine haƙoran da ba su gama ginuwa ba.

Wani dare ta iso babin fulor. A nan ta karanta dalla-dalla cewa sinadarin da ya ɓata mata baki, ya karya yayanta, shi ne dai ake sa wa a man goge baki don ya ƙarfafa ɓawon haƙori, ya hana shi ruɓewa. Ta san haka tun da daɗewa, amma sanin aku. A daren nan ne ta ga layin da ke tashi daga amfani ya gangara zuwa cuta, ta kuma ga inda garinsu ya faɗo a kansa. Parasalsus, likitan nan na ƙarni na 16, ya riga ya nuna cewa yawan abu ne ke maida shi guba. Ta rufe littafin, ta daɗe zaune. Abokin gabar da ta girma tana ƙi ba wani ba ne illa rashin awo.

Da hutu ta tarar da kakarta tana jiƙa bagaruwa don kurkurar baki. Tsohuwar ta dube ta, ta ce: "Ke ƴar nan, an ce har aswakin ma sai kin auna shi? Abin da muka gada kaka da kakanni?"

"Ba shakka nake ba, Iya. So nake in san iyakarsa."

"To, wa ya ce ba shi da iyaka? Wannan jiƙon, tafi guda na babba ne. Na goye kuwa ko kusa ba a kai masa."

Ta yi murmushi. Ashe tsohuwa ma da ma'auninta, a tafin hannu yake, ba a rubuta shi ba ne kawai.

Ta sauya tambayar bincikenta. Masana sun riga sun gano cewa saiwar aswaki tana da wani sinadari, benzil izotiyosiyanat, mai kashe ƙwayoyin cuta. Amma farantin gilashi daban, bakin mutum daban: akwai miyau mai wankewa, akwai dasashi mai jin ciwo. Yanzu abin da take nema shi ne gwargwadon da zai yi aiki bai yi ɓarna ba. Aikin yana tafiyar hawainiya, ba ta kuma damu ba.

Ranar da za ta koma, yayanta ya biyo ta tasha yana dogara sanda, ya miƙa mata wata ƴar gora cike da ruwa. "Daga sabuwar rijiyar unguwarmu ne," in ji shi. "Yarana suna sha. Ki sa a auna mini."