Madubin Morrigan

Cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da mai wasa yake ɗaukar matsayin jarumin labari, ya shiga duniyar takubba da matsafa da dodanni, tare da ƴan rakiya waɗanda marubuta suka tsara wa kowannensu hali da tarihi da murya. Da rana a gwabza yaƙi, da dare a sauka zango a hura wuta a yi hira. A bakin wutar nan ne ake yin abin da ya daɗe yana ba ni tunani: mai wasa yana iya neman soyayyar ɗaya daga cikin ƴan rakiyar, a amsa masa ko a ƙi.

Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada, wanda wasu likitoci suka kafa a 1995, shi ya fi kowa raya wannan al'ada. A wasansa Baldur's Gate II na 2000, jarumi namiji yana da mata uku da zai iya nema: Aerie wadda aka yanke wa fukafukai bayan an tsare ta cikin keji, Jaheira wadda aka kashe mata miji tun farkon labari, da Viconia da ta gudo daga danginta na ƙarƙashin ƙasa. Jaruma mace kuwa Anomen kaɗai aka ba ta, wani saurayi mai ji da kansa. Rabon nan ma ya isa ya nuna wanda aka yi zaton yana zaune gaban kwamfutar.

Wanda na fi sani shi ne Dragon Age: Origins na 2009. A cikinsa kowane ɗan rakiya yana da ma'aunin yarda da mai wasa yake gani da idonsa, iyakarsa maki 100. Ka faɗi abin da ya yi masa daɗi, ma'auni ya hau. Ka ba shi kyauta, ya ƙara hawa. Duk wanda ya san toshi zai gane wannan nan take, sai dai a nan an cire kunya, an cire iyaye da ƙawaye, an bar lissafi tsagwaronsa. Har ma a 2010 kamfanin ya sayar da wasu kyaututtuka na musamman da suke ɗaga ma'aunin da yawa a lokaci guda. Idan malami ya ce yana tsoron saurayi ya tashi daga nan da tunanin cewa zuciyar mace rijiya ce, in ka yi ta zuba guga dole ruwa ya fito, ba zan ce tsoronsa ba shi da tushe ba. Ga kuma wani lahani da ya fi wannan: in ka yi kuskuren magana, kana iya komawa inda ka ajiye wasan ka sake zaɓi, kamar ba ka taɓa faɗi ba. Magana zarar bunu ce a wurinmu, a can kuwa ana mayar da ita. Kuma ya kamata iyaye su sani cewa wasannin baya-bayan nan na irin wannan an yi su ne don manya, akwai wuraren da ba su dace da yara ba.

Duk da haka ban yarda a tsaya a nan ba, saboda Morrigan. Matsafiya ce da ta tashi a daji hannun uwarta Flemeth, mai kaifin harshe, wadda aka koya wa cewa ƙauna rauni ce. Wani dare, in ka yi haƙurin saurare, takan ba da labarin yadda tana yarinya ta saci madubin zinariya daga keken wata attajira, ta kawo gida da murna, uwar ta farfasa shi a gabanta don ta koya mata darasi. Can gaba cikin tafiya, a wata kasuwa, sai ka tarar da madubin zinariya ana sayarwa. Babu wanda zai ce maka na wace ce. Wanda ya saurara ne kawai zai tuna. Da na miƙa mata shi, muryar nan mai gatse ta yi rauni na ɗan lokaci, ta rasa abin da za ta ce ta biya. A ganina wannan kyauta ta fita daga lissafi, domin darajarta ba zinariyar ba ce, tunawar ce.

Abu na biyu shi ne ƙi. Alistair, in ya hau gadon sarauta, yana iya rabuwa da jarumar da yake so saboda ba ta da asalin da fada za ta karɓa, kome cikar ma'auninsa. A Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, Astarion mai shan jini ya yi shekara 200 yana bauta, ubangidansa yana tilasta masa yaudarar mutane da kyawunsa. Da bakinsa yake faɗa maka cewa da farko ya kusance ka ne don ya sami mai kare shi. In kuma ka matsa masa ya yi abin da ransa bai so ba, yana iya yanke alaƙar. Marubutan sun ba shi ikon cewa a'a, daga nan ne ya fara kama da mutum.

Babbar a'a kuwa ta Morrigan ce. A daren da za a yi yaƙin ƙarshe takan zo da wata shawara ta tsafi da za ta ceci ran jarumi. In ka ƙi, ta tafi a daren. In ka yarda, ta tafi bayan yaƙin. Babu kyauta ko daɗin baki da zai tsayar da ita, ko ka koma baya sau goma. Na zauna ina kallon ƙarshen labarin da wani irin nauyi a ƙirji da na saba samu daga littafi kawai, alhali na san sarai rubutu ne da muryar ƴar wasa.

A 2010 BioWare ya fitar da wani ƙarin babi mai suna Witch Hunt, inda jarumi yake bin sawunta har ya same ta gaban wani madubin tsafi, kuma wanda ya so ta yana iya ratsawa ya bi ta. Masu wasa da dama sun yi murna da shi. Ni dai na fi son Morrigan ta 2009, wadda ta karɓi madubi ta yi godiya, ta kuma kama hanyarta.