Food: kundin mawaƙan Ingila da suka gaji da jiran a kira su

 

A 2003 wani ƙaramin kamfanin faifai da ke Landan, Low Life Records, ya fitar da kundin haɗaka mai suna Food. Ba na mawaƙi ɗaya ba ne, waƙoƙin 'yan gidan ne da abokan tafiyarsu aka tara a faifai guda. Gidan kuwa shi ne na su Braintax da Jehst da Mystro da Task Force, ta hannunsa kuma kundin Skinnyman da na Rodney P suka fito a 2004. In waɗannan sunaye baƙi ne a kunnenka, ba laifinka ba ne. A Ingilar ma, lokacin da suke ganiyarsu, wanda ba ya bin gambara sau da ƙafa bai san da zamansu ba. Mu nan mun san su Tupac da Nas, yaran yanzu sun san Skepta da Stormzy da Central Cee. Waɗanda suka sha wuyar a tsakani su ne ba a ambata, kuma a kansu nake son mu ɗan zauna.

Me ya sa sai haɗaka? Kuɗi. A wancan zamani mawaƙin da ba shi da babban kamfani a bayansa, iyakar ƙarfinsa ya buga faifan garmaho mai inci 12, waƙa biyu ko uku a kai, kwafi kaɗan. Ya ɗauko su da hannunsa ya kai shaguna irin su Deal Real da Mr Bongo a tsakiyar Landan, ya bari a sayar, ya dawo daga baya ya karɓi abin da ya samu. Yaron da ke wani ƙaramin gari a arewacin Ingila ko a Wales, sai dai ya karanta labarin waƙar a mujallar Hip Hop Connection, ya yi ta haɗiyar yawu. Masu rarraba kaya ba za su wahalar da kansu a kan mutum ɗaya da ba a sani ba. To, sai a yi abin da ƙananan 'yan kasuwa ke yi in kowa kayansa ba su isa cika mota ba: a haɗa kuɗi a ɗauki shata ɗaya. Bugu ɗaya, bango ɗaya, talla ɗaya. Mai saye ya saya don Jehst, ya koma gida da sunayen wasu mutum goma da bai taɓa ji ba.

Wannan dabara ba Low Life ne ya ƙirƙiro ta ba. Ta hanyar kundin haɗaka ma hip hop ya shiga gidaje da dama a Birtaniya. Daga 1983 kamfanin Street Sounds na Morgan Khan ya riƙa sayen izinin sababbin waƙoƙin Amurka, yana haɗa su a jerin faifan Electro, domin sayen su ɗaya-ɗaya daga waje ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta. Abin dariya, da kamfanin ya zo fitar da na 'yan gida a 1984, wato UK Electro, mawaƙan ba su isa ba. Yawancin waƙoƙin mutum ƙalilan ne suka yi su, aka laƙa musu sunaye daban-daban don a ga kamar harkar ta yi yawa. Shi ma Derek B, ɗaya daga cikin mawaƙan gambarar Ingila na farko da suka yi fice, aikin nemo waƙoƙi yake yi wa kamfanin Music of Life. Da aka samu giɓi a wani kundin haɗakarsu, sai ya shiga sitidiyo ya cike shi da tasa. A 1988 waƙoƙinsa biyu suka shiga sahun ashirin na farko a jadawalin ƙasar.

Daga nan manyan kamfanoni suka leƙo, suka kwashi wasu, ba a jima ba suka watsar. Ƙungiyar Hijack ta unguwar Brixton har Ice-T ya ɗauke ta, amma kundinta na 1991 ba a fitar da shi a Amurka ba. Monie Love ta tattara ta koma can gaba ɗaya. Abin da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne maganar harshe, kuma nan ne na fi son labarin. Yaron da aka haifa a Landan, wanda bai taɓa taka Amurka ba, in ya riƙe makirfo sai ya karya harshe ya koma ɗan Bronx. Shi ba Ba'amurke ba ne, don haka Amurkawa ba sa saye. 'Yan gida kuma suna cewa, in dai kwaikwayo ne, me zai hana mu sayi na ainihi? London Posse, wato Rodney P da Bionic, suna cikin na farko da suka ƙi wannan. Kundinsu Gangster Chronicle na 1990 da bakin titin Landan suka yi shi, gauraye da karin Jamaika da suka tashi suna ji a gida da wuraren kiɗan rege. A yau abin kamar ba komai ba, amma a lokacin sai mai ƙarfin hali.

Joseph Christie, wanda aka fi sani da Braintax, ya kafa Low Life a garin Leeds a 1992, daga baya ya mayar da shi Landan. Shekaru goma da suka biyo baya fari aka yi. Tim Westwood ya samu shirin gambara a BBC Radio 1 a 1994, amma kayan Amurka ne suka cika shi. 'Yan gida sai gidajen rediyon bayan fage irin su Itch FM, da dararen haɗuwa irin na Kung Fu a unguwar Camden, inda rabin masu kallo su ma mawaƙa ne da ke jiran a miƙa musu makirfo. A cikin wannan ƙunci aka gina abin da Food ya tattara. Saurari mutanen gidan ka ji yadda bakunansu suka bambanta. Braintax da karin Yorkshire, yana maganar siyasa da haya da gajiyar aiki. Jehst, wanda ya yi ƙuruciya a Huddersfield, mai cusa hotuna a baiti har sai ka mayar da waƙar baya ka sake ji. Task Force, wa da ƙane, Chester P da Farma G daga Highbury, yau suna cikin lungun unguwa, gobe sun lula duniyar mafarki. Mystro mai barkwanci da saurin baki. Babu mai bugun ƙirji da motar da ba shi da ita. Ana zancen bas ɗin dare, ruwan sama, ɗakin haya, tabar wiwi, kuɗin tallafin marasa aiki, da 'yan sandan da ke tare yaro a hanya.

Ƙololuwar wannan salo, a ganina, ba a cikin Food ɗin take ba. Tana cikin Council Estate of Mind na Skinnyman, wanda ya biyo baya da shekara ɗaya, kundi a kan rayuwar rukunin gidajen gwamnati na talakawa, an saƙa shi da muryoyin da aka ciro daga fim ɗin talabijin Made in Britain na farkon shekarun 1980. Amma ba don irin su Food sun share fage sun tara masu sauraro ba, da wuya ƙaramin kamfani ya iya ɗaukar nauyin kundi irin wannan. A 2005 suka ƙara wani kundin haɗakar, Life Before 40.

Ba su kaɗai ke wannan aiki ba. Big Dada, wanda ɗan jarida Will Ashon ya kafa a 1997 a ƙarƙashin Ninja Tune, ya fitar da nasa, Black Whole Styles a 1998 da Extra Yard a 2002. Can ne gidan Roots Manuva, can ne kuma gidan Ty, wato Ben Chijioke, ɗan Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda kundinsa Upwards ya shiga takarar lambar yabo ta Mercury a 2004. Ty ya rasu a 2020 bayan ya kamu da korona. Big Dada sun fi Low Life wasa da kiɗa, suna jan shi wajen rege da na'ura.

Nan kuma zan faɗi abin da masoyan Low Life ba sa son ji. Sun 'yantar da harshe, amma ba su 'yantar da ganga ba. Bakin na Ingila ne, kiɗan kuwa na New York ne na tsakiyar shekarun 1990: a yanko daga tsohon faifan jaz, a ɗora bugu mai nauyi, a tafi a hankali. Sun iya shi ƙwarai, wani lokaci har sun fi masu abin. Amma a shekarar da Food ya fito, wani yaro daga unguwar Bow a gabashin Landan, Dizzee Rascal, ya fitar da Boy in da Corner, ya kuma cinye lambar Mercury da shi tun bai kai ashirin ba. Kiɗansa ba daga Amurka aka aro shi ba. Daga kiɗan garej na Birtaniya da gidajen rediyon bayan fage irin su Rinse FM ya tsiro, mai sauri, mai kaushi, bugu wajen 140 a minti. Shi ne grime. A shekarar dai tashar Channel U ta fara nuna bidiyon da yara suka ɗauka da 'yar kyamara a gindin benensu. Cikin ɗan lokaci matasa suka juya can. Wasu daga cikin masu riƙe da tsohon salo suka riƙa cewa wannan ba hip hop ba ne, hayaniya ce. Sun manta ba a daɗe ba da aka gama ce musu su ma nasu ba hip hop ba ne, tunda ba daga Amurka ya zo ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ciwo. Intanet ta zo ta karya kasuwar faifai, shaguna suka yi ta rufewa. A 2008 Braintax ya fitar da My Last and Best Album, ya rufe Low Life, ya koma Ostareliya. Bayan haka wasu daga cikin mawaƙan gidan suka fito fili suna ƙorafin cewa ba su ga haƙƙinsu ba, har yau kuma in aka ɗauko zancen kamfanin a cikin masoyansa sai an taɓo wannan. Ni ba alƙali ba ne a tsakaninsu. Abin da na ɗauka shi ne, cin gashin kai ya raba mawaƙi da babban kamfanin da zai ce masa ya sauya harshe, amma bai raba shi da buƙatar takarda da lissafi ba. Kundin haɗaka ma ya fi kowane rikitarwa ta wannan fuska: mawaƙa da yawa, masu haɗa kiɗa da yawa, faifai ɗaya. Wa ke da nawa? A tsakanin abokai nauyin baki kan hana a yi wannan tambaya tun farko, sai ranar da zumuncin ya yi tsami. Hip Hop Connection, wadda ta fara fita tun 1988, ita ma ta daina bugawa a takarda a 2009.

Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. Fliptrix ya kafa High Focus a 2010, ya ci gaba da salon Low Life, Verb T da ya taɓa zama a Low Life ya koma can. Mafi ban sha'awa, waɗanda suka fi cin moriyar tsayawa da ƙafar kai su ne 'yan ɗaya ɓangaren da aka raina. Skepta ya ci Mercury a 2016 da Konnichiwa, a ƙarƙashin Boy Better Know, kamfaninsu shi da ƙanensa Jme. Little Simz ta ci a 2022 da kundin da ta fitar ta kamfaninta, Age 101. Dukansu iyayensu 'yan Najeriya ne. Kuma yau ba ka jin mawaƙin gambarar Ingila da ke karya harshe ya zama Ba'amurke, in ma ya gwada dariya za a yi masa. Wannan yaƙi su Rodney P suka fara shi, su Low Life suka riƙe shi a shekarun da babu riba a ciki.

Mai son ya ji da kunnensa, ya fara da Gangster Chronicle, ya bi da Food, sannan Council Estate of Mind, ya rufe da Boy in da Corner. Turancin zai ba ka wahala da farko ko da ka iya Turanci, don ba na makaranta ba ne, ba kuma na fim ɗin Amurka ba. Ka daure masa. In ka gama, ka dawo nan ka gaya mini ko na zalunci Low Life a maganar ganga.