Wasiƙa daga Baltimore: Yadda Ɗanka Yake Neman Lasisin Tuƙi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da sauran iyali baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na saurari saƙonka, na kuma ji damuwa a muryarka. Ka ce yaya zan sakar wa yaro ɗan shekara 16 sitiyari, alhali a gida sai mutum ya cika 18 ake ba shi lasisi. Ban ga laifinka ba. Amma ina so ka san yadda abin yake kafin ka yanke mini hukunci.

Da zarar ka bar tsakiyar gari a nan, marar mota ya zama kamar gurgu. Babu acaɓa, babu A Daidaita Sahu, bas kuma sai ka ƙosa da jira. Makaranta da nisa, masallaci da nisa. Shi ya sa ake barin yara su fara tuƙi da wuri. Sai dai Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu: alƙalumansu sun nuna cewa idan aka auna da nisan tafiya, matasa 'yan shekara 16 zuwa 19 sun kusa ninka manya sau uku wajen shiga hatsarin da ake rasa rai. Don haka suka daina miƙa lasisi a lokaci guda, suka mai da shi hawa-hawa. Jihar Florida ce ta fara cikakken tsarin a 1996, yau kuwa babu jihar da ba ta da irinsa, ko da yake kowace da nata sharuɗɗan.

A jiharmu ta Maryland, sai yaro ya cika shekara 15 da wata 9 zai je ofishin hukumar motoci, wato MVA. A gwada idonsa, ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 25 kan dokokin hanya, kuma dole ya ci 22. Uba ko uwa ne ke sa hannu, kuma wanda ya sa hannun yana da ikon janye shi duk ranar da ya ga yaron ya fara wasa da rai. Wani sharaɗi da na san zai burge ka, kai da ka ƙarar da ƙarfinka a aikin koyarwa: idan yaron bai cika 16 ba, sai ya kawo shaida daga makarantarsu cewa bai yi fashin da ya wuce kwana 10 ba tare da uzuri ba a zangon da ya gabata. Abin da ake ba shi bayan duk wannan takardar izinin koyo ce kawai. Ba zai motsa mota ba sai da wanda ya kai shekara 21 a gefensa, wanda kuma ya shekara 3 da lasisi.

Akwai makarantar koyon tuƙi, awa 30 a aji, awa 6 a mota tare da malami. Amma a ganina, Yaya, ƙashin bayan tsarin shi ne awa 60 da doka ta ɗora wa iyaye. Sai mun zauna a gefen yaron yana tuƙi har tsawon awa 60, 10 daga ciki da duhu, muna rubutawa a wani ɗan littafi. Mun fara a filin ajiye motoci da sassafe, yana koyon taka burki ba tare da ya wurga ni gaba ba. Daga nan unguwa, daga nan ruwan sama, daga nan babbar hanyar da ta kewaye Baltimore, inda za ka shiga cikin manyan tireloli suna gudu ba mai saurara maka. A nan na gane abin da malami ba zai gani cikin awa 6 ba. Ɗanka yana da natsuwa, amma idan aka matsa masa hon sai ya ruɗe ya ƙara wuta. Wannan hali sai uba ya zauna ya gani da idonsa, ya yi ta gyarawa a hankali. Shi ma yana kallona. Ranar da ni ke tuƙi na ɗaga waya, bai ce komai ba, amma ya dube ni, kuma ya fi ni gaskiya.

Babu jami'in da ke bin mu yana ƙirga awannin nan. Sa hannun uba kawai ake karɓa. Na ji ana cewa wasu suna cike littafin a zaune a falo. Wallahi abin yana ci mini rai, domin cin amana ne, kuma ba ran ɗansu kaɗai suka saka a hatsari ba.

Bayan wata 9 ba tare da laifin hanya ba, idan ya kai shekara 16 da rabi, sai ya je gwajin tuƙi. In ya ci, lasisin da zai samu na wucin-gadi ne. Daga 12 na dare zuwa 5 na asuba ba zai fita shi kaɗai ba, sai don aiki ko wata hidimar makaranta. Kwana 151 na farko ba zai ɗauki abokansa da ba su kai 18 ba, sai 'yan gidansu, domin an lura cewa mota cike da samari ita ce mafi saurin kifewa. Waya kuwa haramun ce gare shi yana tuƙi, ko da bai riƙe ta a hannu ba. Zai yi wata 18 a haka. In aka kama shi da laifi, lissafi ya koma farko. Ka ga ke nan cikakken lasisi ba ya zuwa sai ya cika 18, daidai da na gida, sai dai shi zai isa can da gogewar fiye da shekara biyu.

Abin da ke gabana yanzu kuɗin inshora ne, domin kamfanoni suna tsawwala wa duk gidan da ya ƙara matashi a jerin direbobinsa. Na kuma ƙara tawa dokar a kan ta gwamnati: ranar da ƙanƙara ta zuba, makulli yana aljihuna.

Don Allah ka karanta wa Hajiya wannan, ka kwantar mata da hankali, ka roƙa wa jikanta addu'a. A gaishe da Anti da yara.

Wassalam,
Ƙaninka