Ƴar hitar kicin da kuskuren da na tafka

Uwargida, in kin taɓa wanke tukunyar miyar manja da asuba cikin hunturu, kin san dalilin da ya sa na matsa wa maigida ya sayo ƴar hitar nan da ake sa wa ƙarƙashin sinki. Mai lita 10 muka ɗauka. Wanke-wanke ta ishe mu, amma kada ki sa ran yin wanka da ita.

Wata biyu ta yi, na ƙona ta da hannuna. Mai gyaran famfo ya zo canza bututu, ya tsiyaye ruwan cikinta. Yana fita aka kawo wuta, ni kuma da ɗoki na kunna. Ashe ƙarfen da ke dafa ruwan ba ya jure wuta a bushe, nan da nan yake ƙonewa. Kuɗin sabo daga adashena ya fita, don kunya ta hana ni tambayar maigida.

Yanzu sai na buɗe famfon ruwan zafi, na ga ya daina tofar da iska yana zuba sosai, sannan in kunna. Ke ma ki riƙe wannan. In kin ga bawul ɗin gefenta yana ɗiga kaɗan lokacin da take dafa ruwa, kada ki toshe, aikinsa ke nan.

Zafin kuwa na rage shi tun ranar da na tarar da autata ta taka kujera tana miƙa hannu famfo.