Ba laifin mawaƙi ba ne, laifin waya ne

Akwai maganar da na sha ji a majalisu, wai waƙoƙin finafinan mu hayaniya ce kawai, fiyano na kuka, mawaƙiya na ƙara kamar an taka wa mage jela. Duk wanda ya faɗi haka na kan tambaye shi: a ina ka saurara? Amsar kusan ɗaya ce: ko a tasi, ko a Adaidaita Sahu, ko a motar wani aboki da ya cika but da wufa. To, mai karatu, a nan gizo ke saƙar.

Aikin jarida ya sa na sha zama a situdiyo a Kano lokacin da ake haɗa waƙa. Na ga yadda makaɗi kan shafe awanni a kan fiyanon sa ƙirar Yamaha, ya rage nan, ya ƙara can, don dai murya ta fito tar. Tun daga zamanin 'Sangaya' har zuwa 'Jaruma' ta Hamisu Breaker da ta yi tashe a 2020, wahalar ɗaya ce. Amma da waƙar ta faɗa motar da aka yi wa haɗin gambiza, shi kenan, wahalar ta bi ruwa. Abin nan ya na ci mani tuwo a ƙwarya.

Shi ya sa da Allah ya hore mani 'yar Golf ɗi na 'yar Kwatano, na ƙi ajiye ta wurin mai wayarin in tafi yawo. Na share Asabar guda a tsaye a kan sa, ya na aiki ina tambaya, har ya ce, "Yallaɓai, ko dai sana'ar za ka ƙwace?" Ga abin da na kwaso.

Rediyon mota, ko da an rubuta masa wat 50 sau huɗu, ƙarfin sa na gaskiya bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. Dalilin sa amfilifaya kenan. In ka je saye, kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da za ta iya riƙewa ba yankewa. Shi za ka gwada da RMS na sifikun ka.

Kafin a taɓa komai, a cire kan batir mai alamar ɗebewa. Wayoyi uku ne ke ba amfilifaya rai. Ta farko, jar waya mai kauri daga kan batir mai alamar tarawa zuwa inda aka rubuta +12V. Kaurin ba ado ba ne. Batirin mota bolt 12 ne, don haka amfilifaya mai wat 300 za ta ja sama da amfiya 25. Siririyar waya zafi za ta ɗauka. Nemi ta jan ƙarfe zalla, domin akwai alminiyon da ake shafa wa jan ƙarfe a sama.

A kan wannan wayar dole a sa fiyus, kuma kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. Fiyus ɗin jikin amfilifaya ita kaɗai ya ke karewa, ba ruwan sa da doguwar wayar da ta ratsa ƙarƙashin kafet. Wani aboki na ya raina wannan, wayar ta gogi ƙarfe har ta fashe, sai hayaƙi ya gani daga ƙarƙashin kujera alhali ƙannen sa biyu na baya. Allah ya kiyaye, amma kujerar da kafet sun tafi. Fiyus na 'yan kuɗi kaɗan fa!

Ta biyu wayar at, wato GND. Kaurin ta ya zama daidai da na ja, ta kasance gajera, a ɗaure ta tamau a jikin bodi bayan an kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ta uku 'yar siririyar shuɗiya mai ratsin fari daga rediyo zuwa REM. Ita ke kunna amfilifaya ta kuma kashe ta. Wanda ya haɗe REM da jar waya kai-tsaye, da safe zai nemi masu turi.

Wayoyin sauti masu kai ja da fari kuwa, a bi da su ta gefe guda, jar waya ta ɗaya gefen. Kishiyoyi ne. In su ka kwana ɗaki ɗaya, ko at bai kamu ba, za ka ji wani siririn kuka mai tashi duk sa'ad da ka taka totur.

Sai sifiku. Yawancin na mota om 4 ne. In ka jona biyu a bakin tasha ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2, nauyin ya ninka. Duba takardar amfilifayar ka. In ba ta ɗaukar om 2, za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa, ko ta ƙone. Kuma a tabbatar tarawa ta shiga tarawa a kowace sifika. In ɗaya ta juye, wannan na turo iska waccan na ja, kiɗan ya zama holoƙo.

Inda aka fi kashe waƙa shi ne maɓallin da aka rubuta wa GAIN. Jama'a, ba na ƙara murya ba ne! Mayar da shi ƙasa, ka ɗaga rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, ka sa waƙar da ka haddace. Riƙa murɗa shi a hankali, da ka ji muryar mawaƙiya ta fara karcewa, ka koma baya kaɗan. Nan ne wurin zaman sa. Wucewa nan ke ƙona sifika.

Ranar da aka gama, na ji abubuwa a waƙoƙin da na shekara ina saurare: numfashin mawaƙi kafin baiti, da 'yan amshi can a baya. Ban ƙure murya ba, ba na kuma ƙurewa. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta haura desibel 85 in aka daɗe a cikin ta ta na lalata ji, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ana canza sifika a kasuwar Sabon Gari, amma ban taɓa ganin shagon da ake sayar da kunne ba. In ka zo kusa da masallaci ko asibiti kuma, don Allah ka rage.