Mutum nawa ne a Gombe Abba?

Duk wanda ke bin hanyar Dukku zuwa Darazo in za shi gida Kano ko Katsina da Sallah ya san gadar kogin Gongola. Garin da ke nan bakin ruwa shi ne Gombe Abba. Mu mazauna GRA mun sha wuce shi, amma ban taɓa jin wani a mota ya ce direba ya tsaya mu gani ba.

Alhali nan ne Gombe ta asali. Nan Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa fadarsa, nan kuma kabarinsa yake. Turawa ne suka ɗauke hedikwatar zuwa Nafada a 1913, daga baya a 1919 suka kawo ta Doma, wato wannan Gomben da muke zaune a ciki. Suna ya taso ya biyo sarki, garin kuma aka bar shi can cikin ƙaramar hukumar Dukku.

To, mutum nawa ne a garin yau? Je ka duba takardun ƙidayar 2006. Za ka ga jihar Gombe mutum 2,365,040, an raba su kan ƙananan hukumomi 11, shi ke nan. Ba a fitar da adadin gari-gari ba. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 kuwa, kun dai san ɗage ta aka yi. In garin da ya haifi masarauta guda bai samu layi ɗaya a takarda ba, ina ga ƙauyukanmu?

Wani ƙanena da ya yi karatu a Iran ne ya sa abin ya fara damuna. Ya nuna mini yadda suke yi can: sun ƙirga a 2006, suka sake a 2011, suka sake a 2016. Ƙauyen Farisawa ko da gidajensa ba su kai ashirin ba, za ka tarar da sunansa, da gundumar da yake, da yawan mutanensa, da yawan iyalansa. Ba cewa nake ƙasar ba ta da nata matsalolin ba. Amma wallahi wannan kam ya burge ni.

Bara ƙungiyarmu ta 'yan gari ɗaya mazauna Gombe ta rubuta takardar neman rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani. Aka ce mu faɗi yawan jama'ar ƙauyen. Wani dattijo ya ce dubu biyu, wani ya ce haba Alhaji, ai mun fi dubu biyar, har aka kusa ɓatawa. Wanda ya karɓi takardar murmushi kawai ya yi. Yana da gaskiya, don da me zai auna yawan allurar rigakafi ko malaman da za a turo? Da rantsuwarmu?

Shi ya sa bana muka yanke shawarar mu ƙirga kanmu. Ba abu ne mai wuya ba: mai unguwa ya san kowane gida, liman ya san wanda aka raɗa wa suna da wanda aka kai makwanci. Mun sayi manyan littattafai biyu, mun ware samari huɗu da mata biyu, don akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Washegarin Babbar Sallah za su fara, daga unguwar maƙera.